Tsintsiyar da Na Karɓe Daga Hannunka

Ƙofar Durbi,
Katsina.

Zuwa ga Baban Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da kyau, tare da fatan kun tashi lafiya, kai da Rukayya da takwarata Ummi. Yaya gajiyar haɗa kaya, yaya zirga-zirgar sallama da dangi? Allah ya sa tafiyar nan ta zama alheri, ya kai ku lafiya, ya haɗa ku da mutanen kirki a inda ba ku san kowa ba.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni, alhali tsakanin gidanka da nawa tafiyar ƙafa ce. Ka dai san yadda muke. Kai ne ɗan fari, tun da na haife ka ban taɓa kiran sunanka ba. In ka zo ka durƙusa ka ce "ina wuni," na kau da kai na ce "lafiya," sai mu yi ta kallon tabarma har ka tashi. Maganar da ke bakina ta fi ƙarfin irin wannan zaman, shi ya sa na ɗauko biro.

Ranar Juma'a da ka biyo daga masallaci ka ce ka sake shawara. Kai da Rukayya za ku tafi ƙasar Sin, inda ka samu gurbin digirinka na uku, amma Ummi a wurina za ka bar ta, ko da yake an gama mata takardun tafiya. Dalilinka shi ne bidiyon makarantar firamaren da za a sa ta, wanda matar abokinka da ke can ta turo. Ka ce, "Hajiya, ban ga abin da zai sa in ɗauki ɗiyata in kai ta wata duniya ta yi shara ba. Rabin yini ya tafi a guje-guje da zane da shukar kabeji. Gara ta zauna nan, in ɗaukar mata malaman lesin." Na ce, "To." Kai kuma ka ɗauka na yarda. Ban yarda ba. Ba zan riƙe Ummi ba, kuma ina so ka karanta dalilina har ƙarshe kafin ka ɓata rai.

Washegari na sa Rukayya ta kawo mani wayar na gani da idona. Kada ka ga laifinta, ni na aika a kira ta, kuma ko kalma ɗaya ba ta faɗa a kanka ba. Ta ce, "Mama, wai su abu biyar suke so yaro ya tashi da su tare: hali, da ilimi, da ƙarfin jiki, da sanin abu mai kyau, da aikin hannu. In ɗaya ya yi baya, wai tarbiyyar ba ta cika ba." Ina saurarenta ina kallo. Sai ga wani ɗan yaro mai tabarau, tsaf da shi, yana share aji da doguwar tsintsiya. Ban san lokacin da na ce, "Shi wannan laifin mi ya yi?" ba. Rukayya ta rufe baki tana dariya, ta ce, "Ba laifi ya yi ba, Mama. Ranar sharar rukuninsu ce. Kowa yana yi, maza da mata, har wanda ya fi kowa ƙoƙari."

Tambayar nan tawa ta hana ni sukuni. Na gane cewa abin da ka gani a bidiyon nan da idona ka gan shi, domin ni na ba ka idon. Duk shekarun da na yi ina shugabar makarantar firamare, shara horo ce a wurina. Wanda ya makara ya yi shara, mai surutu ya wanke bayi, wanda ya faɗi lissafi ya cire ciyawa a rana. Masu ƙoƙari kuwa suna zaune a inuwa suna kallonsu. Ban taɓa tsayawa a gaban yara na ce aikin hannu abin kunya ne ba, amma ba sai na faɗa ba, kullum safiya suna gani. Yanzu in na bi ta bayan kasuwa na ga kwata ta toshe, manyan mutane suna tsallakawa da babbar riga a hannu, ba na zagin kowa. Wasu daga cikinsu ni na koyar da su.

A gida ma haka na yi, har na fi. Kana aji biyu a firamare, wata safiya na fito na tarar ka ɗauki tsintsiyar ƙanwarka Safiya kana share gindin darbejiyar tsakar gida. Ba wanda ya sa ka. Ka tara ganyen wuri ɗaya, ka tsaya kana jira in yaba. Na fizge tsintsiyar na ce, "Ajiye, je ka yi karatu." Na miƙa wa Safiya, wadda ko tsayin tsintsiyar ba ta gama kaiwa ba. Daga ranar na raba gidana biyu, littafi naka, aiki nata. Kai ba ka taɓa wanke kwanon da ka ci abinci ba, ita kuma ba ta taɓa samun yammaci guda da za ta zauna da littafinta ba a kira ta ba.

Na san abin da ke ranka, domin ka taɓa faɗa wa Rukayya: Safiya ta yi shara, kai ka yi karatu, ga inda kowa ya tsaya. Kana tsoron kada Ummi ta zama Safiya. Wannan tsoron na uba ne nagari, kuma na ji daɗinsa. Amma ba tsintsiya ce ta tsayar da Safiya ba, ni ce, da na ɗora mata rabonta da naka. Da na raba muku aikin na raba muku lokacin karatun, da ita ma ta je inda take so, domin a lissafi ba ka fi ta ba, ka tambayi duk wanda ya koyar da ku. Yau tana Ƙofar Guga da kekunan ɗinkinta, tana rufa wa kanta asiri, ba ta taɓa yi mani gori ba, kuma rashin gorin ya fi ci mani rai. Saboda haka kada ka gyara kuskurena da rabinsa. In ka karɓe tsintsiya daga hannun Ummi, wata za ka miƙa wa, ko uwarta ko 'yar aiki, kuma Ummi tana kallo.

Ka raina zane a maganarka, har da taɓe baki. Ko ka manta wanda ya zana tsohuwar ƙofar unguwarmu da gawayi a bangon zaure? Har da akuyar da ke kwanciya a gindinta ka saka, da karyayyen ƙahonta. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ya dawo daga ofis ya tsaya yana kallo, ya ce, "Kai, wannan ai akuyar Malam Idi ce." Ya kira ni in gani. Ni kuwa abin da na gani shi ne bango ya ɓaci, kuma jarrabawar shiga sakandare ta matso. Na ɗebo ruwa na wanke. Ka lura, ko wankewar ban bari ka yi ba, kada ta ci maka lokaci. Tun daga nan ban sake ganin ka zana ko da'ira ba sai da abin awo.

Yanzu ga Ummi ta cika mani bayan kalanda da zanen kaji. Ran nan ta zana ni da tabarau, ta yi mani baki kamar na wadda aka ci bashinta. Na ce, "Ke, haka nake?" Ta ce, "In Baba ya zo haka kike yi." Yarinyar nan tana ganin abin da manya suke ɓoyewa, kuma a wurinka ta gado. In ta kawo maka zane a can, ka ajiye abin da kake yi ka duba. Kada ka tambaye ta maki nawa aka ba ta, ka tambaye ta wace ce wannan, me ya sa ta yi fushi.

Sai maganar gudu. Ka tuna Maman Jummai, ma'aikaciyar jinyar nan 'yar Filato da muka yi maƙwabtaka da su? 'Ya'yanta da yaran unguwa suna ƙwallo a fili bayan la'asar, kai kana leƙe ta taga da littafi a cinya. Ta shigo har ɗaki ta same ni ta ce, "Malama, ki bar yaron nan ya sha iska mana. Ƙwaƙwalwa kaɗai kike kiwo? Jikin fa, wa za ki bar wa?" Na ce mata ɗana ba ɗan tamaula ba ne, likita zai zama ko injiniya. Ta ce, "To, Allah ya sa likitan ya iya hawa bene." Na yi kwanaki ba na amsa gaisuwarta da kyau.

Ga shi yau ko arba'in ba ka kai ba kana shan maganin hawan jini. Rukayya ba ta faɗa mani ba, ni na ga kwalin a aljihun motarka ranar da ka kai ni asibitin ido. Ka hau 'yan matakalan asibitin nan kana haki, ni mai ciwon gwiwa ina jiranka a sama. Na so in yi dariya saboda na tuna Maman Jummai, sai kuma na ji hawaye. An ce a can da sassafe har tsofaffi suna fita fili suna motsa jiki. In ka raka Ummi makaranta, kada ka tsaya a bakin ƙofa da waya a kunne. Ka shiga cikin tsofaffin nan, ba wanda ya san ka balle ya ce malamin jami'a yana rawa.

Akwai wanda ya fi waɗannan nauyi, kuma na daɗe ina kewaye shi. Lokacin da mahaifinka yake kwance a asibiti kana shekarar ƙarshe a jami'a. Ka zo da rana ka tsaya a ƙarshen gado, ka karanta sunayen magungunan, ka yi wa likita tambayoyi masu ma'ana. Safiya ce take juya shi, take goge masa baki, take matsa masa ƙafa. Na ga ka miƙa hannu za ka taimaka a tayar da shi zaune, ka rasa inda ake kamawa. Shi kuma ya riƙe hannun naka bai saki ba. Ni ce na ce, "Malam, sake shi ya tahi, jarrabawa gare shi." Na juya gare ka na faɗi abin da na saba faɗa: "Je ka yi karatu." Ka tafi, domin ba ka taɓa yi mani musu ba. Ka ci jarrabawar, ka fi kowa. Ba ka sake ganinsa da rai ba.

Ba mu taɓa yin maganar nan ba. Na san tana nan a ranka, domin duk ranar da aka ambaci asibitin sai ka tashi ka ce za ka duba mota. Ina so ka sani ba laifinka ba ne. Yaro ne aka koya masa cewa duk abin da ba karatu ba yana iya jira, ya kuma yarda da uwarsa. Ni kuwa a lokacin gani nake gata nake yi maka. Da Rukayya ta ce hali ne na farko a cikin biyar ɗin nan, wannan ranar na tuna. Ladabi kam kana da shi, kowa a unguwar nan yana yabonka. Amma hali bai tsaya a durƙuso ba. Akwai sanin lokacin da za ka rufe littafi saboda wani yana bukatarka, kuma ba a koyonsa sai an bar yaro ya yi wa mutane hidima da hannunsa.

Kada ka ɗauka bidiyo ya ruɗe ni. Na yi aikin makaranta, na san yadda ake share fili a jera yara masu tsabta in baƙi za su zo. Na kuma sa Rukayya ta tambayi matar abokin naka gaskiyar lamari. Ta ce su ma can jarrabawa tana cin yaransu, iyaye suna rububin lesin kamar mu, wasu yaran tun suna ƙanana idonsu ya gaji da karatu. Wato abu biyar ɗin nan buri ne, ba kullum ake cika shi ba. To, ni ban ce Sinawa sun fi mu ba. Kakarka ba ta san inda ƙasar Sin take ba, amma ta koya mani karatun allo da kaɗi da daka da waƙar gaɗa da gaishe da mutane, ba ta ce ɗaya ya kori ɗaya ba. Mu da muka shiga boko muka zo muka tsince ɗaya muka zubar da sauran. Su aƙalla har yanzu suna faɗar biyar ɗin da baki, suna ba yaro tsintsiya ba tare da ya yi laifi ba. A wurina kuwa me Ummi za ta samu? Tsohuwa mai ciwon gwiwa, da malaman lesin suna shiga suna fita. Kuma na san halina. Ranar da ta kawo sakamako na ga ta zo ta biyar, tsohuwar shugabar makarantar nan za ta farka, in ce ajiye, je ki yi karatu. Shekara bakwai gare ta. Ban yarda da kaina a kanta ba.

Ka kawo maganar addini, kuma a nan kana da gaskiya. Ba Islamiyya a bayan gida kamar nan, ba kiran salla da zai tashe ta, abinci ma sai kun yi taka-tsantsan. Amma maganin wannan ba raba ta da iyayenta ba ne. Kai ne za ka zama malaminta. Ka sauke Alƙur'ani, na sani, ni na tsare ka har ka sauke. Ka zaunar da ita bayan asuba ko aya biyu ce ku biya, ta ga ubanta yana salla, ta ji Hausa a bakinku kada ta dawo tana gaishe ni da hannu. Ranar Juma'a ku kira ni ta waya ta karanta mani, in ta yi kuskure in gyara, in ta yi daidai in ce ban ji ba ta sake.

Kana ganin da sauƙi nake faɗar wannan? Tun da mahaifinka ya rasu ba abin da ya cika gidan nan kamar muryar yarinyar nan. Ita ce mai ɓoye mani carbi, ita ce mai shanye mani fura ta ce kyanwa ce. Da ka ce za ka bar mani ita, sai da zuciyata ta yi tsalle, har na fara tunanin inda zan sa katifarta. In kun tafi, gidan zai yi mani faɗi, kuma zan yi kuka, ba na ɓoye maka. Shekarun da za ku yi ban san ko zan ga ƙarshensu ba. Duk da haka na gwammace in yi kewarta da in mayar da ita abin da na mayar da kai, mutumin kirki mai ilimi wanda bai san inda ake kama mahaifinsa ba.

Saboda haka ga abin da nake so, kuma ba shawara nake ba ka ba. Ka tafi da ɗiyarka. Kada ka je makarantar ka roƙi a ɗauke mata shara ko aikin lambu, na san ka da iya tsara magana. In ta dawo da ƙasa a farce ta ce kabejinta ya fito, ka je ka gani. A gida kuma, ranar da Rukayya ta yi girki, kai ka wanke kwanoni, Ummi tana tsaye tana ɗauraya. Za ka fasa ɗaya ko biyu, ba komai, ai an ce can ake yin su. Kafin ku tashi kuma ka je Ƙofar Guga ka zauna da Safiya, zama na gaske, ba sallama daga cikin mota ba. Ni ma zan je da tawa maganar, wadda ta fi taka tsawo.

Na ba Rukayya wata 'yar tsintsiyar kaba ta sa a akwatin Ummi. In ma'aikatan filin jirgi sun hana ta wucewa, ku bar musu, na ga suna da nasu a can. Amma in ta wuce, ka fara riƙe ta kafin Ummi. Taka ce, tun kana aji biyu nake riƙe maka ita. Kuma sharar da ka yi a gindin darbejiya ran nan ta yi kyau, ko ganye ɗaya ba ka bari ba. Na gani, ban dai faɗa ba.

Na san abin da na ɗora maka ba mai sauƙi ba ne ga mutumin da aka yi wa irin tarbiyyar da na yi maka. To, ni ma bari in yi abin da bai taɓa zo mani da sauƙi ba, don kada a ce tsohuwa tana aike ne kawai tana zaune.

Allah ya tsare ku a sama da ƙasa, ya kare ku daga sharrin hanya da na baƙunta. Allah ya ba ka abin da ka je nema, ya ƙara maka da wanda ba ka san ka rasa ba. Ya raya Ummi, ya cika ta ta kowane gefe, ya yi wa Rukayya albarka. Ya jiƙan mahaifinka, ya sa in da rabo mu sake ganawa. Ka gaida abokin naka da iyalinsa in kun sauka.

Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mani. Allah ya yi maka albarka, Mansur.

Mahaifiyarka.